Auren Ƙanƙara

Duk ƙauyenmu babu wanda ya kai Zakir taurin kai, kuma babu wanda ya fi ni sanin haka, don katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu tun muna yara. Tare muka fara dako, muna ɗaukar kayan Turawa masu hawan dutse zuwa gindin dutsen Karpori. A can ne sanyi ya ci mini yatsun ƙafar dama, likitan Skardu ya ƙarasa abin da sanyin ya rage. Tun daga ranar Zakir bai sake kira na Haidar ba. Dungu yake ce mini, ko a gaban surukaina ne. Ni kuma na sa masa Kan Dutse, sunan ya bi shi har masallaci.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar musu shi da matarsa Marziya, wato Shukur. Mu dai iyakarmu gindin dutse: mu sauke kaya, a sallame mu, mu juyo gida da sauran numfashinmu. Shukur ya raina wannan. Shi so yake ya shiga cikin masu hawa can sama, waɗanda ke kafa igiya su ɗauki tulunan iska, su ja mutanen da suka zo daga ƙarshen duniya don su tsaya a kan tsini a ɗauke su hoto. Ni har gobe ban gane abin da suke nema a can ba. Babu ciyawa, babu tsuntsu, babu ko inda mutum zai tsuguna cikin mutunci.

Da zai fara, ya tafi kasuwar Skardu inda ake sayar da tsofaffin kayan hawa. Ya samu takalman roba masu ƙarfi daidai ƙafarsa, sai dai ba 'yan gida ɗaya ba ne: na dama ja, na hagu rawaya. Haka ya shigo gari yana taƙama da su. Mata a bakin magudana suka yi ta dariya har suna riƙe ciki, yara suka bi shi a baya. Ubansa ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, “To, madalla. Ko ranar tashin ƙiyama aka jera ƙafafu, ba za mu sha wahalar gane naka ba.”

Na yi dariya a ranar, har da tafa hannu.

Shekarar da abin ya faru ina gindin dutsen ina dafa wa ayari abinci, tunda ƙafar ba ta yarda da kaya mai nauyi. Waɗanda suka sauko ne suka ba ni labari. A can sama iska ba ta ƙosar da mutum, komai yawan shaƙarta. Kai yana yin nauyi, hankali ya riƙa zamewa, sai ka ga babban mutum ya cire safar hannunsa a cikin wannan sanyi yana hira da wanda babu shi. Wani daga cikin baƙin ya zauna a kan igiya wajen saukowa, ya ƙi gaba ya ƙi baya, yana ta magana da uwarsa. Shukur yana bayansa. Ya cire ƙugiyarsa daga igiyar don ya zagaya ta gabansa ya tashe shi. Abu ne da ake yi kullum, cirewa da mayarwa bai fi ƙiftawar ido ba. Amma yatsunsa sun riga sun sandare, ƙugiyar ta ƙi shiga, ƙafa ta zame. Suka ce ko ƙara bai yi ba.

Babu wanda ya je nema, kuma ban ga laifin kowa ba. A wurin nan mutum da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle gawa. Baƙon ya rayu ya koma ƙasarsu. Ni kuma aka haɗa ni da bargon Shukur da kofin shayinsa, na kawo su gida. Na daɗe a ƙofar gidan ina goge ƙafa kafin in yi sallama.

Liman ya yi addu'a, an yi sadaka, an yi zaman makoki. Amma salla ba ta yiwu ba, don ba a yi wa mamaci salla sai yana kwance a gaban mutane. Wannan abu shi ya tsaya wa Zakir a wuya. Ba mutuwar ba, mutuwa kam babu gidan da dutse bai taɓa kai ta ba a kwarin nan. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ɗansa yana wani wuri ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa. Marziya ba ta daɗe ba ita ma. Kafin ta cika ta roƙi a bar fili a gefen kabarinta. Zakir ya auna tsawon mutum da faɗinsa, ya jera duwatsu, ya hana kowa. Filin nan ya zauna haka, awaki suna cin ciyawarsa.

Kowa ya san kogin ƙanƙarar da ke gangarowa daga Karpori yana tafiya, ko da ido ba ya gani, kuma abin da ya haɗiye a sama wata rana yakan tofar da shi a ƙasa. To, a kan wannan Zakir ya ɗora rayuwarsa. Duk ƙarshen zafi, da an gama shanya 'ya'yan itacen culi a kan soraye, sai ya ɗaure garin sha'ir da ganyen shayi ya haye mashigar da ke tsakanin duwatsu, ya je ya kafa 'yar bukkarsa a bakin ƙanƙarar, shi kaɗai. Yakan tsinci safar hannu, gwangwani, guntun igiya. Wani lokaci ƙasusuwa, na waɗanda bai san sunansu ko addininsu ba. Ya haƙa ya rufe su, ya jera musu duwatsu. Sannan ya dawo a rame, leɓe duk a tsage. Ni kuwa in tare shi da faɗa, in ce wata rana a can za mu tsinto shi shi ma, kuma kada ya sa ran ni zan ɗauko shi da wannan ƙafa. Sai ya ce in zuba masa shayi in rufe masa baki.

Kusan shekara ashirin ana haka. Ta bayan katanga nakan ji tarinsa, da ƙarar kofi ɗaya a kan faranti. Nawa gidan ma ba wani a cike yake ba. Matata ta riga ni gidan gaskiya, 'ya'yana suna birnin Karaci suna aiko da gaisuwa ta waya. Mu biyu muka rage a lungun, kowa na jin motsin ɗan'uwansa, kowa na yi kamar bai ji ba.

Sai kuma ruwa ya fara gudunmu. Idon da ke ba magudanarmu ruwa ya riƙa ƙafewa tun alkama ba ta yi ido ba. Gida bayan gida aka riƙa sa kwaɗo ana tafiya birni. Da abin ya ishi mutane, mai gari Sikandar ya tara mu ya ce babu abin da ya rage sai a yi yadda kakanni suka yi, a ɗaura auren ƙanƙara. Namijin yana nan kusa, wannan baƙar ƙanƙara mai datti da ke kwance ƙarƙashin duwatsu a kwarin bayanmu, malalaciya kamar yawancin mazan garin. Amma macen, fara mai tsabta mai haihuwa, sai an je kogin Karpori an saro ta. A haɗa su a kogon da ke saman gari, a rufe, a bar su su yi girma.

Dokar kuwa ko yaro ya san ta. Daga lokacin da ƙanƙara ta shiga kwando har a sauke ta a kogo, kwandon ba ya taɓa ƙasa, kuma babu wanda zai buɗe baki, da mai ɗauka da mai rakiya. In ka gaji, abokinka ya juyo maka baya ka zame masa igiyoyin. In hutu za a yi, a tsaye ake yi, ka tokare kwandon da sandarka. Mutum ɗaya ya yi magana, auren duka ya lalace, sai wata shekara. Mu kuma ba mu da wata shekara. Ana gab da dusar ƙanƙara ta rufe mashiga ake wannan aiki, don kada ƙanƙarar ta narke a hanya.

Samari sun yi ƙaranci a gari, dole aka waiwayi tsofaffi. Aka haɗa mutane biyu-biyu, kuma saboda mugunta irin ta Sikandar, ya haɗa ni da Zakir. Da muka isa inda ake sara, ana cika kwanduna, Zakir ya matso kusa da ni.

“Dungu, yau dai duniya za ta huta da bakin nan naka. Da na sani da tuni na goya maka ƙanƙara.”

“Kai ka ji da kanka, Kan Dutse. In ka ji gardama ta taso maka, ka yi ta da sandarka.”

“Ka dai kula da 'yar ƙafar nan. In ka faɗi ba zan iya zaginka ba, abin da zai fi ci mini rai ke nan.”

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi bisimilla, baki ya mutu. Zakir ya fara ɗauka.

Hanyar komawa ta ratsa ta kan kogin ƙanƙarar ne, ta wani gefe da lokacin zafi bai taɓa barin mutum ya bi ba saboda ruwan da ke narkewa, sai yanzu da sanyi ya ɗaure shi. Samari suka yi gaba da sauri. Mu biyu muka zama na ƙarshe, ni ina ɗingishi, shi yana tafiyar tsofaffin 'yan dako, a hankali ba tsayawa. Ba ka jin komai sai ƙarar takalmi da kukan ƙanƙara daga can ƙasa. Sama ta yi fari fat ta wajen yamma, irin farin da ke zuwa kafin dusar ƙanƙara.

Sai ya tsaya. Na zaci gajiya ce, na zagayo na juya masa baya don ya sauke mini. Bai motsa ba. Na waiwaya, na ga idonsa a kan wata tsaga da ke hannun hagunmu, na bi idon.

Tsagar tana da zurfi, ta fi tsayin mutum uku, ruwa na gudu a ƙasanta. A jikin bangon da ke fuskantarmu, can ƙasa, ƙafafu biyu sun leƙo daga cikin ƙanƙara zuwa ƙauri. Ɗaya ja. Ɗaya rawaya. Launin bai ko dushe ba. Sauran jikin yana ciki, kana ganin duhunsa kamar abu a cikin kwalba.

Na dubi gaba. Mutanenmu ba su yi nisa ba, ga su can a jere suna hawa gangare, da igiyoyi da gatura da ƙarfin samartaka. Kira ɗaya ya isa. Kafin la'asar da sun fito da shi.

Na ga bakin Zakir ya buɗe. Sai ya kama gefen mayafinsa ya cusa a baki ya cije.

Ni kam raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce a zuciyata auren ya lalace mana, alkamar ta ƙone, kowa ya tafi Karacin. Na cika ƙirji da iska zan yi ihu. Ashe yana kallona. Ya kai hannu ya toshe mini baki, hannun nan mai kaushi, ya riƙe har sai da na sauke numfashin. Na nuna masa bayana, na nuna masa ƙasa: ya ba ni kwandon, shi ya zauna wurin ɗansa. Ya dubi ƙafata, ya daɗe yana dubanta, ya girgiza kai. Gaskiyarsa. Ni kaɗai ba zan kai kwandon nan mashiga ba sai na ajiye shi, shi kuma shi kaɗai babu abin da zai iya yi a bakin ramin sai kallo.

Abin da na iya shi na yi. Na tara duwatsu a bakin tsagar, na naɗa mayafina a jikinsu don alama. Sannan, ban san abin da ya sa ni ba, na kwanta rub da ciki, na miƙa gatari iyakar hannuna, na saro guntun ƙanƙara daga bangon nan, daidai saman inda yaron yake. Bai fi kan jariri ba. Na tashi na nuna wa Zakir. Ya dube shi, ya juya mini kwandon, na sa a ciki.

Ya ƙara duban ramin sau ɗaya, sannan ya ɗaga ƙafa.

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba, ni da na yi rabin rayuwata a kan hanya. Ka ga mutum a gabanka, abokinka tun na ƙuruciya, hawaye na daskarewa a gemunsa, ba ka da ikon ce masa ko sannu. Sau da yawa na juya masa baya, sai ya ga ƙafafunsa za su ci amanarsa yake yarda ya ba ni, kuma da ya ɗan farfaɗo sai ya karɓe abinsa. Muna haye mashiga dusa ta fara sauka, siririya, ba ta ko ƙara.

Washegari da hantsi muka isa kogon. Masu namijin sun riga mu, sun shimfiɗa gawayi da ƙaiƙayi, sun jera gorunan ruwa. Aka riƙa sauke macen a jikin namijin, kwando bayan kwando. Namu ne na ƙarshe. Zakir ya juye nasa, amma ya ware guntun nan. Ya warware farin ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa ya naɗe shi, ya kai shi can gefe, ya kwantar da shi ta wajen alƙibla. Liman yana ta addu'ar albarka, ana riƙe da ragon yanka a bakin kogo. Shi kuwa ya ja da baya ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Na jira ruku'u, ban ga ruku'u ba. Ya sake kabbara. A nan na gane, na ɗingisa na tsaya a bayansa, ni kaɗai ne sahun. Liman ya dube mu, ya sunkuyar da kai.

Da aka toshe bakin kogon da duwatsu, baki ya buɗe, kowa na dariya yana miƙa. Sikandar ya zo yana tsokana, wai tsofaffi sun tsaya soyayya da amarya a hanya.

Zakir ya ce, “Na ga Shukur.”

Na ba su labarin, don shi ya gama maganarsa. Wani saurayi, jikan ƙanwar Marziya, ya matso idonsa ya kawo ruwa, ya kira shi Apo, yadda muke ce wa kaka.

“Haba Apo, ai muna jin ka. Me ya hana ka kira mu?”

“Kwando yana bayana,” in ji Zakir.

Samarin nan, Allah Ya yi musu albarka, ko naman ragon ba su tsaya ci ba. Suka ɗauki igiyoyi suka juya. Amma dusar da ta fara siririya ta riga ta zama wani abu dabam. Kafin su kai mashiga tana kai musu ƙugu, dole suka dawo. Haka hunturu ya rufe mu. Ta bayan katanga na riƙa jin kofin nan ɗaya, ban kuwa tsokane shi ba ko sau ɗaya, har sai da ya leƙo wata rana ya tambaye ni ko na mutu ne.

Da hanya ta buɗe muka koma da mutane. Ƙanƙarar ta sauya fuska gaba ɗaya. Babu tarin duwatsuna, babu tsagar, bangon ya rufta cikin ruwan da ke bi ta ƙarƙashi. Can ƙasa muka tsinci mayafina a maƙale a dutse. Samari suka yi ta sara suna leƙe-leƙe. Na zaci Zakir zai kafa bukka ya ce ba inda za shi. Sai ya zauna ya sha shayi, ya dubi wurin na ɗan lokaci, ya miƙe.

“Mu tafi gida, Dungu. Ƙafarka.”

Bai sake zuwa bakin ƙanƙarar ba. Kogon ma ba shi da ikon zuwa, don wanda ya ɗauki amarya ba ya leƙa ta sai bayan shekara goma sha biyu, shi kuwa ya san ba shi da su. Sai ya koma zama a bakin busasshiyar magudanar da ta gangaro daga can, da rana, yana gyara duwatsunta, yana cire ciyawa. In na ce masa wahalar banza yake yi, ya ce ai gara a tarar da hanya a share.

Wani hunturu na tashi da safe ban ga hayaƙi a soronsa ba. Na tsallaka na same shi ya cika. Muka rufe shi kusa da Marziya, da filin nan a tsakaninsu, yadda ya bar wasiyya.

Ruwan ya zo. Ba zan rantse ko auren ne ya haihu ko dusa ce ta yi yawa a shekarun nan ba, ban kuma damu in sani ba. Ya fara da danshi, ya zama zare, har wata bazara ya cika magudana, Sikandar ya raba wa kowane gida lokacinsa. Ranar da nawa ya zo, alkamata tana ta sunkuyar da kai don ƙishi. Na ɗauki fartanya na wuce ta. Na je inda magudanar ta bi ta saman maƙabarta na fasa gefenta, na ja wa ruwan hanya a hankali tsakanin kaburbura.

Wata mata da ke wanki ta hango ni ta ɗaga murya. “Apo Haidar, lafiya? Ruwan naka kake zuba wa matattu?”

Na ce, “Ɗansu na kawo musu.”

Ruwan ya shiga filin nan da ke tsakanin kaburburan biyu, ƙasa ta yi ta sha. Na zauna a kan dutse na miƙe ƙafar, ina kallo har lokacina ya ƙare. Garin cike yake da masu ce mini Apo Haidar yanzu. Babu sauran mai ce mini Dungu.